Dutsen da Ba a Kafa Ba

Walida Ɗahiru ta bar Kuala Lumpur ranar Laraba, sha shida ga Yuli, ba ta san wanne ne kabarin mijinta ba. Abin da ta iya yi cikin kwana goma sha takwas shi ne ta rage kaburburan da ake zato daga uku zuwa biyu, ta kuma hana a kafa dutse mai sunansa a kan wani baƙo. Dutsen yana ɗakin ajiyar maƙabartar, jingine da bango, kusa da injin yankan ciyawa.

Mijin, Sirajo Abdulmumini, malamin kwaleji ne daga Haɗejiya. Gwamnati ce ta turo shi karatun digiri na uku a kan tace ruwan sha. Ya rasu ranar sha takwas ga Fabrairu, bayan kwana biyar yana fama da zazzaɓin dengi, yana da shekara talatin da takwas. Ya bar Walida da 'ya ɗaya, Hanan, mai shekara huɗu, a hawa na tara na wani gini a unguwar Sentul.

An yi jana'izar yadda ake yi a gida. Da takardu suka fito, maza shida suka ɗauki gawar zuwa wata maƙabarta a gefen gari. Walida ba ta je ba, don mata ba sa zuwa. Ma'aikacin ofishin maƙabartar ya tambaye su ko za su kawo dutse, kamar yadda mutanen ƙasar ke kafawa a kai da ƙafa. Alkasim, abokin marigayin kuma shugaban ɗaliban Arewa na jami'arsu, ya ce a'a, mu ba ma yi. Babu wanda ya ɗauki hoto, domin fito da waya a bakin kabari abin kunya ne. Aka soka ɗan katako mai lamba, aka yi addu'a, aka watse ana yayyafi.

Walida ta yi takaba a ɗakin, wata huɗu da kwana goma. Bizarta a kan ta mijinta take, don haka aka riƙa ba ta takardar zama ta wucin gadi. Ta ƙarshe za ta ƙare ranar sha shida ga Yuli, kuma an gaya mata babu ƙari.

Maganar dutse ta shiga ranta ne ranar ƙaramar Sallah. Ta ga maƙwabciyarta Kak Zaitun, wata Bamalaya mai shekara sittin, ta fito da jarkar ruwa da ledar furanni za ta kabarin mijinta, jikoki biyu na biye da ita. A Haɗejiya ko babu alama, akwai ƙanne da maƙwabta da suka san wurin. A nan kuwa, idan ita ta tafi, su Alkasim suka gama karatu, babu mai iya nuna wa Hanan inda ubanta yake. Ta roƙi Kak Zaitun ta sa a yi mata ƙaramin farin dutse, suna da kwanan wata kawai. Alkasim ya ɗan ja da baya, ya ce ba al'adarmu ba ce. Ta ce ta sani. Ya bar maganar.

Ranar Asabar, kwana biyu da fitarta takaba, ya kai ta maƙabartar a motarsa. Ofishin yana da lambar Sirajo a littafi. Katakon ne babu. Ruwan watan Maris ya kwashe na layin gaba ɗaya. Ma'aikacin ya yi bayani da Turanci: a ranar an haƙa ramuka uku tun da safe, an binne baƙi uku marasa dangi a garin, littafi ya rubuta lamba, bai rubuta wanda ke dama ko hagu ba. Alkasim ya tsaya a gaban tudu uku da ciyawa ta rufe, ya duba gabas, ya duba yamma. An ƙara kaburbura fiye da talatin a kewayen tun zuwansa na ƙarshe.

Aka kira tsohon mai haƙa, Pak Seman. Ya zo yana ɗingishi, da tawul a wuya. Alkasim ya tambaye shi da guntun Malayancin da ya koya a aji. Walida ta danna ɗaukar murya a wayarta, ba don wani shiri ba, sai don ta aika wa surukarta. Tsohon ya yi magana mai tsawo. Ya nuna na tsakiya, ya nuna na gefe, ya nuna sama, ya shafa gwiwarsa.

“Me ya ce?” in ji Walida.

“Ya ce na tsakiya ne.”

“Duk wannan maganar?”

“Tsofaffi ne, Maman Hanan, sai sun kewaya. Na tsakiya ne. Ki yi masa addu'a.”

Ta yi. Aka sa ranar kafa dutsen, Litinin sha huɗu ga Yuli, ranar da mai siminti zai samu zuwa. A mota ta duba wayar. Maganar tsohon minti biyu ce da daƙiƙa arba'in.

Da ta koma gida ta sa wa manhajar fassara muryar. Manhajar ta fito da magana a kan jirgin ruwa da albasa. Pak Seman ba shi da haƙoran gaba, yana haɗiye ƙarshen kalmomi, kuma injin ciyawa na aiki a bayansa. Sai ta kai wa Kak Zaitun. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ajiye wayar a hankali a kan tebur, ta gyara mayafinta.

“Ya ce ki yi haƙuri, adik,” ta ce da Turanci. Adik, ƙanwa, shi ne sunan da take kiranta da shi. “Ya ce Allah ya san inda kowa yake.”

“Na tsakiya ne?”

“Malam Alkasim ɗin naku me ya ce?”

“Na tsakiya.”

“To.” Ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Wata huɗu ke nan mutane suna yi wa Walida magana haka. Likita ya yi, matan ɗalibai sun yi, mahaifiyarta ta yi ta waya. Ta gane cewa duk wanda ya ji maganar gaba ɗaya zai tausaya mata, wanda ya tausaya kuma zai rage. Mutum ɗaya ne a gidan da ke jin Malayanci ba zai rage ba, wato Hanan, wadda ta koya a makarantar rainon yara. Walida ta sayi abin sawa a kunne don kada yarinyar ta ji.

Shekara uku ta yi a ƙasar da Turanci. Ta zauna ta ƙirga Malayancin da ta sani, ya zo kalma goma sha ɗaya, rabinsu na sayen abinci ne: makan, tapau, boleh. Kafin aure ta koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, don haka ta yi abin da ta saba. Ta ɗauko littafin gwaje-gwajen Sirajo, ta juya shi ta baya inda shafuka suke fari. Ta rage saurin muryar zuwa rabi. Ta yanka ta gunduwa-gunduwa, daƙiƙa biyar-biyar, ta sa wa kowace lamba, talatin da biyu. Duk abin da kunnenta ya kama ta rubuta shi da harufan Hausa yadda ta ji. Ranar farko ta yi awa bakwai a kan gunduwa biyu, kuma ba ta san inda kalma ke ƙarewa wata ta fara ba.

Washegari ta je shagunan unguwar Masjid India ta sayi littafin 'yan aji ɗaya mai hotuna da ƙaramin ƙamus. Ƙamus ɗin bai yi amfani ba da farko, don abin da ta rubuta ba shi ne a ciki ba. Sai ta shiga kasuwa.

Tsarin da ta yi shi ne: mutum ɗaya, gunduwa ɗaya. Da safe ta kai Hanan makaranta, ta hau jirgin ƙasa zuwa Titiwangsa, ta sauya zuwa monorel, ƙaramin jirgi mai layi ɗaya, tasha ɗaya ta sauka kasuwar Chow Kit. Ta tsaya gaban mai barkono ta sayi kaɗan, ta miƙa masa abin kunne, ta sa masa lamba tara. Ya maimaita mata a fili, ta sa ya rubuta a littafin, ta wuce. Mai kokwamba ya samu lamba ashirin da biyu. Ba ta bin layi, don kada wani ya haɗa labarin. Wasu sun ƙi, suka kaɗa mata hannu. Wasu baƙi ne irinta, 'yan Bangladesh, suka saurara suka girgiza kai. Firjin gidan ya cika da kayan miya da babu mai ci.

Wata mai kifi, ƙatuwar mata mai takalmin roba, ita ce ta fi daɗewa da ita.

“Kak Afrika ta dawo,” ta ce wa maƙwabcinta da Turancin kasuwa, kak ɗin nan yaya ke nan a bakinsu. “Kifi kike saye ko magana?”

“Duka.”

“Kifi da kuɗi, magana kyauta. Wannan tsohon naki a sai masa haƙora.” Ta saurara sau uku, ta goge hannu a gaban rigarta ta rubuta: hujan, kayu, hanyut. Ta nuna rufin kasuwa ta yi alamar ruwa da yatsu, ta buga katakon teburinta, ta ja hannu kamar abu na bin kwata. Ruwan sama, katako, ya tafi da shi. “Saurayinki ne?”

“A'a.”

“Gara. Faɗi hujan.”

Walida ta faɗa. Matar ta yi dariya har ta dafa tebur, ta sa ta maimaita sau biyar.

Kwana tara ta yi haka. Ruƙayya, matar Alkasim, ta zo taya ta haɗa kaya ta same ta a ƙasa tsakanin kwalaye, tana karanta sunayen ranakun mako a littafin yara.

“Ikon Allah. Shekara uku ba ki koya ba sai da jirgi ya kusa tashi? Da wa za ki yi a Haɗejiya, da masu kifi?”

“Ina rage zaman banza ne.”

“Ki ci abinci dai. Kin ga wuyanki kuwa?”

Zuwa ranar Laraba, tara ga wata, Walida tana da gunduwa ashirin da ɗaya cikin talatin da biyu. Ta san pagi safe ne, petang yamma, tengah tsakiya, lutut gwiwa. Ta jera su bisa lamba a karon farko, ta karanta daga sama. Akwai ramuka a ciki, amma abu biyu sun fito. Kalmomin tak pasti, ba tabbas, sun zo sau huɗu. Na tsakiya kuma tsohon ya haɗa shi da safe. Sirajo bayan azahar aka binne shi.

Ta kira Alkasim ta ce ya zo, ya taho da Ruƙayya. Ta buɗe masa littafin a kan kwali. Ya karanta shafi biyu, ya cire hularsa ya riƙe.

“Malam Alkasim, ka ji ya ce ba shi da tabbas?”

“Na ji wani abu kamar haka.”

“Ka ce mini na tsakiya.”

“Ya nuna shi.”

“Ya nuna duka.”

“Maman Hanan, kin ga halin da kike ciki ran nan? In ce miki mun batar da shi? Mu shida muka kai shi. Na kira Muntasir a Gombe ya ce dama, na kira Zahraddeen ya ce hagu. Duk ƙasar Allah ce. Addu'a ba ta ɓata hanya.”

“Addu'a ba ta ɓata ba. Dutse fa? In kawo Hanan bayan shekara ashirin ta durƙusa a kan wani?”

Ruƙayya ta ce a bar maganar haka. Alkasim ya ce zai sake kai ta ranar Asabar ya tambaya da kyau. Walida ta ce ta gode, ita kaɗai za ta je.

Kwana biyun da suka rage ta daina sauraro, ta koma haɗa magana. Ta rubuta jimla shida. Ta kai wa mai kifi ta gyara mata huɗu, ba tare da ta nuna mata biyun ƙarshe ba, don a nan kalmar kabari take. Waɗannan ta kai wa Kak Zaitun. Matar ta karanta, ta dubi Walida, ta gyara harafi ɗaya, ta mayar mata da littafin.

Ranar Asabar, sha biyu ga wata, ta bar Hanan wajen Kak Zaitun ta hau bas biyu. Ta samu Pak Seman a inuwar ɗakin ajiya yana wasa fatanya. Ta yi sallama. Ta buɗe littafin, amma ba ta duba ba.

“Pak cik, saya isteri dia,” ta ce. Baba, ni ce matarsa. Sauran ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe a tsakiyar kalma: Ina jin kaɗan. Ka yi magana a hankali. Kada ka tausaya mini. Ranar Laraba zan tafi. Wanne ne kabarin mijina?

Tsohon ya ajiye fatanyar. Ya tambayi sunan mijin. Walida ba ta taɓa faɗin sunan a fili ba tun ranar da aka ɗaura aure, Baban Hanan take cewa, kafin nan kuma Malam. Ta faɗa.

Ya kai ta gaban tudun uku. Wannan karon ya yi magana kamar mai koya wa yaro, kalma biyu ya tsaya, ya nuna da hannu. Inda ta ɓace ta ce ulang, maimaita, ya maimaita. Sun yi kusan awa guda a rana. Abin da ta fahimta, wanda ta rubuta a tsaye, shi ne wannan. Na tsakiya wani tsoho ne daga gidan gajiyayyu, da safe aka kawo shi, Pak Seman da kansa ya shiga ramin, ba ya shakka. Da rana gwiwarsa ta kumbura, ya zauna a ɗakin ajiya. Gawa biyu aka kawo da yamma, ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙen fata masu dogayen riguna da nasu, wasu leburori da nasu. Abokin aikinsa Parno ne ya karɓi duka biyun. Parno ba ya mantuwa. Parno ya tafi garinsu a Indonesiya tun babbar Sallah, mahaifiyarsa ba lafiya.

Ta tambayi yaushe zai dawo. Ta san sunayen watanni, ta koye su ranar Talata. Ya ce Agusta. Ya ƙara wata kalma da ba ta sani ba, ta sa ya rubuta. A bas ta duba ƙamus: wataƙila.

Kafin ta tafi ta tsaya tsakanin na dama da na hagu, da na tsakiya a gabanta. Ba ta san inda za ta juya ba. Ta yi addu'a a dama, ta zagaya ta yi a hagu. Pak Seman ya kawo mata ruwa a buta, yadda matan ƙasar ke zubawa. Ta raba shi biyu.

Daga nan ta shiga ofis ta ce a soke aikin ranar Litinin. Ma'aikacin ya ce mai siminti ya riga ya shirya. Ta ce ta sani. Ta rubuta takarda da Turanci cewa kada a kafa dutsen sai Parno ya nuna wurin da hannunsa, ta sa hannu, ta sa lambar Kak Zaitun. Pak Seman ya ɗauki dutsen, wanda aka riga aka kawo ofishin, ya kai ɗakin ajiya, ya juya rubutun ya fuskanci bango saboda ƙura. Sannan ya ciro wata tsohuwar waya ya karanta mata lambar Parno. Ya faɗi alƙaluman da Malayanci, ta rubuta, ta karanta masa, ya gyara mata ɗaya.

Ta kira lambar sau tara ranar Lahadi, ba ta shiga ba. Ranar Litinin ta zauna ta haɗa saƙon murya. Kak Zaitun ta ce ta kawo ta yi mata, minti ɗaya ne. Walida ta ce a'a, ta dai zauna kusa ta gyara. Sai a ɗauka ta goma sha huɗu saƙon ya fita ba tuntuɓe. Daƙiƙa talatin da biyar ne. Ya ƙunshi sunanta, sunan mijinta, ranar, ruwan da aka yi, da tambaya ɗaya: dama ko hagu, idan mutum ya juya wa ɗakin ajiya baya.

Alkasim da Ruƙayya ne suka kai su filin jirgi. A hanya ya ce zai riƙa leƙawa maƙabartar har ya gama a Disamba. Ta ce Allah ya saka. Hanan ta tambaya da Turanci ko Baba yana Najeriya yana jiransu. Walida ta ce ta ɗaura bel.

Yanzu tana gidan mahaifinta a Haɗejiya. Ta gama littafin 'yan aji ɗaya, Kak Zaitun ta ɗauki hoton na aji biyu shafi-shafi tana turo mata. Gunduwa huɗu cikin talatin da biyu har yau ba ta warware su ba. Agusta ya wuce. Kak Zaitun ta je maƙabartar sau biyu, ta ce Parno bai dawo ba, dutsen yana inda yake. Saƙon muryar ya nuna alamar ya isa wayar ranar uku ga Satumba. Ba a buɗe shi ba.